Cikin da Ya Hana Ni Shan Ruwa

Abin da zan ba da labarinsa ya same ni ne a Jos, a daminar da ta zo shekara guda kafin sojoji su mayar wa farar hula mulki a karon farko. Na daɗe ina riƙe da shi a raina, don mu a zamaninmu mace ba ta zama ta yi hirar cikinta, balle cikin da bai zauna ba. Yanzu tsufa ya rage mini kunya, kuma har gobe ina jin ana faɗa wa yara mata maganar da aka faɗa mini, shi ya sa na ga gara in yi magana.

Sunana Hajara. A Gangare aka haife ni, mahaifina lebura ne a wurin haƙar kuza tun zamanin Turawa. Aure ya kai ni Anguwan Rogo, gidan Malam Isa, mai rumfar sayar da katako a kasuwar Katako. Mu uku ne a gidan, ni da shi da Iya, mahaifiyarsa. Ɗakin da ke fuskantar titi kuwa wata 'yar ƙabilar Ibo ce ta kama haya, Mama Uche, tana sayar da sabulu da sukari da kananzir. Ta bar Jos lokacin yaƙin basasa, da aka gama ta dawo ta sake buɗe shago. Hausarta irin ta kasuwa ce, namiji da mace duk "kai" take ce musu, ni kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, Amarya take ce mini.

Shekara biyar ina gidan ban taɓa ko ɓatan wata ba. Iya ba ta taɓa goranta mini ba, wannan zan shaide ta ko a gaban Allah. Amma idan aka yi suna a maƙwabta, takan dawo ta shige ɗaki ba ta fitowa har la'asar. Malam shi kaɗai ne ɗanta da ya rayu.

Da ruwan farko ya sauka a shekarar, sai wata ya wuce ni. Ban gaya wa kowa ba. Wata safiya Iya tana dakan daddawa a tsakar gida, warin ya bugo ni, na ruga bakin rariya na amayar da kokon da na sha. Da na ɗago na tarar ta ajiye taɓarya tana kallona. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta aika aka sayo waina aka raba wa yaran unguwa. Da Malam ya dawo da yamma ta kira shi ɗakinta, ya fito yana ta gyaran hula, ya kasa haɗa ido da ni. A makon nan ko aman ma daɗi yake mini, don shi ne shaidata.

Sai dai aman bai tsaya a safiya ba. A mako na biyu tuwo ya ƙi zama, na koma koko. Koko ya ƙi, na koma ruwan shayi. Kafin wata ya ƙare, ruwan randa ma idan na kurɓa, ina ajiye moɗa yake dawowa. Idan babu abin da zai fito, sai in yi ta kakari har wani ruwa mai ɗaci, rawaya, ya fito, haƙarƙarina kamar an daddake su. Ga yawu. Bakina yana cika kamar an buɗe famfo, kuma ba na iya haɗiyewa. Iya ta samo mini gwangwanin madara ta zuba toka a ciki, shi ne abokin zamana, ko ina na juya yana hannuna.

Wari kuwa ya zama abokin gabata. Hayaƙin murhu, sabulun wanki, kananzir ɗin shagon Mama Uche da ke ratsowa ta bango, duk suna tayar mini da zuciya. Wanda ya fi ba ni baƙin ciki shi ne ƙanshin katako da Malam yake shigowa da shi. Da can ina son ƙanshin nan. Ranar farko da ya ɗaga labule ya ce, "Hajara, yaya jikin?" ban san lokacin da na ce, "Malam, don Allah ka ɗan ja baya" ba. Ya saki labulen a hankali. Daga ranar sai ya yi wanka ya canza kaya a zaure kafin ya leƙo, da hakan ma bai yi ba, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zauren gaba ɗaya, a sanyin nan na Jos.

Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowacce da maganinta. Wata ta ce in tsotsi tsamiya, wata ta ce lemun tsami, wata ta kawo farar ƙasa ta ce in riƙa ɗan gutsura. Aka kawo jiƙo iri iri, aka karɓo rubutu. Duk na gwada, duk suka dawo. Wata dattijuwa ta ce baki ne, don an daɗe ana jira, aka yi mini hayaƙi, ranar kuwa na yi aman da har na ga tsilli tsillin jini. Abin da ya fi maganin ciwo shi ne hirar da suke yi a kaina kamar ba na wurin.

"Ai laulayi ne, kowa ya yi. Ni da cikin Audu har kan gwiwa ina amai, kuma ina dakana ina surfena."

"Yaran yanzu akwai son jiki. Ki tashi ki motsa, kwanciyar ce take ƙara miki."

Iya takan gyaɗa kai, don ita ma abin da ta sani ke nan. Ta haihu bakwai, ba ta taɓa taka asibiti ba. Idan sun tafi sai ta ce, "Ki daure, 'yar nan. Yana shiga wata uku zai sake ki." Ni ma na yarda. Na riƙa ganin kamar ni ce raguwa, har na koma ɓoye gwangwanin idan na ji sallama.

Cikin yana wata biyu Malam ya ce a'a, sai an je asibiti. Muka yi sammako, hazo ya rufe gari, muka tarar layin karɓar kati har ya kai bakin ƙofa. Na zauna a benci ina rawar sanyi, ina fita bayan gini ina amai ina dawowa. Rana ta take kafin a kira ni. Wanda na gani ko fuskata bai kalla sosai ba. Ya ce ciki ne? Na ce e. Na fari? Na ce e. Ya ce haka yake yi, ya rubuta ƙwayoyi, ya kira na bayana. Na haɗiyi guda a bakin asibitin, kafin tasi ta kai mu gida na amayar da ita a cikin mayafina. Har yau ina jin haushin ranar nan. Da ya ce in buɗe baki ya ga harshena, da ya san ba ƙwaya nake bukata ba. Kuma zuwan ya ƙara ɗaure mu, don daga nan duk wanda ya ce asibiti sai a ce ai an je, su ma sun ce laulayi ne.

Makonnin da suka biyo baya ba na iya jera su daidai. Na san zanina ya riƙa zagaye ni kusan sau biyu. Na san awarwaro ya riƙa zamewa daga hannuna da kansa. Leɓɓana suka tsattsage, fitsari ya koma ɗan kaɗan, ja kamar shayi, wata rana ma har yamma babu. Salla a kwance nake yi. Ƙishirwa kuwa, Allah kada ya nuna wa kowa. Ina jin ruwan sama yana dukan kwano, ina kallon randa a kusurwar ɗaki, na san idan na sha wahala zan ƙara.

Wata rana da hantsi na lallaɓa zan zagaya, ina kaiwa bakin rijiya duhu ya rufe mini ido. Da na farfaɗo kaina yana cinyar Iya, tana shafa mini ruwa tana salati, Mama Uche tana tsugune a gabana. Ta ja fatar bayan hannuna ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta buɗe mini ido ta duba.

Ta ce, "Iya, wannan ba laulayi ba. Ni na haifi biyar, na san laulayi. Amarya yana mutuwa ne a hannunka."

Iya ta ce, "Ai an kai ta, sun ba da magani."

"A sake kai shi. Yanzu."

"Mai gidan ba ya nan. Mace ba ta fita ba da izininsa ba."

Mama Uche ta miƙe ta kama ƙugu. Ta ce, "To idan ya mutu kafin Oga Isa ya dawo, izinin wa za a nema?"

Iya ta dubi fuskata. Can ta ce, "Ɗauko mini mayafina. Ni na haife shi, na ba da izinin."

Mama Uche ta rufe shagonta da rana tsaka, ta tsaya a tsakiyar titi ta tare tasi. Su biyu suka ɗauke ni kamar ƙullin wanki. A asibiti ba ta bi layi ba, ta yi ta faɗa da Turanci har aka kawo keken marasa lafiya.

A ɗakin mata aka ba ni gado. A nan na fara haɗuwa da Sista Kaneng, wata ma'aikaciyar jinya 'yar wajen Vom, doguwa, marar yawan magana. Ta nemi jijiya a hannuna na dama ta rasa, ta koma na hagu ta rasa, duk sun ɓuya. Tana sokawa tana cewa, "Sannu, 'yar'uwa, saura kaɗan." Da ƙyar ta samu aka ɗaura ƙarin ruwa. Likitan ɗakin Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, Sista ce take fassarawa. Malam ya iso da garin katako a gashin girarsa, likitan ya dube shi ya yi magana, Sista ta ce, "Ya ce jikinta ya bushe. Ya ce da kun ƙara kwana biyu, da ba shi za ku kawo wa ita ba." Malam ya dafa ƙarfen gado. Iya kuwa ta juya ta fuskanci bango.

Tun daga ranar Iya ba ta sake ce mini in daure ba. Ta kawo tabarma da bargo ta shimfiɗa a ƙasan gadona, tsohuwa mai ciwon gwiwa, a kan siminti. Ita ke riƙe mini gwangwani, ita ke kai fo ta wanke, ita ke jiƙa tsumma ta goga mini a leɓe. Idan za ta ci abinci sai ta fita can gindin bishiya, ta kurkure baki kafin ta dawo. Asibitin kuwa wata rana akwai ruwan ƙari, wata rana a ce ya ƙare sai an sayo a kemis a cikin gari. Ban taɓa sanin abin da aka kashe ba, Malam ba ya faɗa. Na dai lura ya daina zuwa a kan kekensa, yana shigowa da taɓo har idon sawu. Da na tambaya ya ce keken yana wurin gyara. Bai dawo daga wurin gyaran ba har abada.

Bayan kamar mako biyu na fara riƙe ruwa cokali cokali, aka sallame ni don ana bukatar gadon. Ban yi mako guda a gida ba komai ya dawo, har ya fi na da. Wannan karon idanuna suka yi rawaya kamar mai shawara. Na riƙa ganin mutum ɗaya ya zama biyu, ƙafafuna suka daina ɗaukata, an ce har sambatu nake yi ina kiran mahaifiyata da ta rasu tun ina yarinya. Aka mayar da ni, aka ƙara da wasu allurai.

Cikin ya haura wata uku, lokacin da Iya ta ce zai sake ni, bai sake ni ba. Wata safiya likita ya sa aka kira Malam, aka ja labule a zagaye da gadona. Ya yi magana mai tsawo. Sista Kaneng ta fassara.

Ta ce, "Ya ce hantarta ta fara taɓuwa. Idan ba ta juyo ba, dole a cire cikin, in ba haka ba za a rasa su duka."

Malam ya ce a ba shi zuwa yamma. Ya je ya sami limamin unguwarmu, ya dawo bayan la'asar ya zauna a bakin gadon, nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Liman ya ce idan likita ya tabbatar ranki na cikin haɗari, ran uwa ake fara dubawa. Hajara, ni ban san abin da zan ce ba."

Iya ce ta amsa daga kan tabarma. Ta ce, "Ni na sani. A cire." Muka juya muna kallonta. Matar nan da ta raba waina, ita ce take faɗin haka, hawaye yana bin kuncinta. Ta ce, "Jikan da ban gani ba, ba zan ba da wadda na gani saboda shi ba. A cire, Isa."

Ni kuwa na ɗora hannu a mara. Muryata ba ta fita sosai, sai da Malam ya sunkuyo. Na ce, "Shekara biyar na jira. Ku ƙara mini mako ɗaya. Idan ban juyo ba, ku yi yadda kuka gani."

Sista ta kai wa likita maganar. Ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya ya tafi. Sista ta ce, "Ya yarda, amma ya ce kullum zai duba, ranar da ya ga abin ya ƙara lalacewa ba zai jira makon ya cika ba."

A makon nan Sista Kaneng ta yi mini abin da ba aikinta ba ne. Ta riƙa samo ƙanƙara ta farfasa ƙanana, tana sa mini guda a baki ta ce kada in haɗiye, in bari ta narke. Idan ta tashi daga aiki ba ta wucewa sai ta leƙo. Ranar da ta zo da ruwan kunun acca a ɗan kofi, marar sukari, marar komai, na sha cokali biyu muka zauna muna jira, ni da ita da Iya. Bai dawo ba. Iya ta fita waje, na jiyo ta tana gaya wa masu jinyar gadon kusa da mu, kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

A hankali rawayar idona ta fara washewa. Aman bai tafi ba, amma ya ragu, ya bar ni da safe da yamma. Likita ya daina maganar cirewa. Aka sallame ni ina tafiya ina dafa bango, cikin ya haura wata huɗu, ya ɗan turo a jikin da babu komai sai ƙashi. Na riƙa zama a bakin ƙofa ina shan hantsi. A nan wata rana na ji wani abu ya ɗan motsa a marata, kamar kifi ya juya a ruwa. Na kira Iya na kama hannunta na ɗora. Ba ta ji komai ba, amma ta ce ta ji. Mama Uche ta sayo zaren ulu ta fara saƙa 'yar hula a shago, ta ce sanyin Jos ba ya tausayin jariri. Muka ɗauka mun haye.

Azumi ya shigo. Wata rana bayan azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayana ya fara ciwo, yana kamawa yana saki. Na ɗauka gajiya ce. Da na miƙe sai na ji ɗumi yana bin ƙafata. Na duba, na kira Iya, ban ɗaga murya ba. Ta shigo ta gani, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta fita cikin ruwan babu mayafi tana buga ƙofar Mama Uche.

Muna isa asibiti abin ya zo. Na ji fitarsa, na san an gama. Ina kwance ina kallon rufi sai ciwon ya sake kamawa, na ji Sista Kaneng ta ce wa abokiyar aikinta ta dakata. Jim kaɗan ta zo ta kama hannuna. Ta ce, "Hajara, biyu ne." Jini ya ƙi tsayawa, aka shiga da ni aka yi mini wankin ciki. Malam da azumi a bakinsa ya ba da jininsa aka ƙara mini.

Abin da ya faru da safe shi ne abin da na fi daɗewa ban gaya wa kowa ba. Na buɗe ido, sai na ji bakina a bushe, babu yawu. Zuciyata a kwance. Wata mai jinya tana ba 'yarta shinkafa da miya a can ƙarshen ɗaki, ƙanshin ya zo mini, maimakon amai sai na ji yunwa. Yunwa ta gaske, wadda rabona da ita tun farkon damina. Ciwon ya tafi tare da su, kamar an zare ƙaya. Iya ta shigo da kwano a rufe, ta buɗe, kunun kanwa ne da zafinsa, irin wanda ake dama wa mai jego. Ita tana azumi, ta zauna tana ba ni a baki. Na sha na shanye, na ce a ƙara. Ina sha ina kuka, don jikina yana murna da abin da raina yake makoki a kansa, kuma babu yadda zan yi da ko ɗaya.

Malam ya shigo wajen hantsi, wandonsa duk jar laka. Ya zauna a kan gadon, dab da ni, karon farko cikin watanni. Ban ce ya ja baya ba. Na tambaye shi daga ina. Ya ce daga maƙabarta, Iya ta wanke su ta naɗe su a farin ƙyalle ɗaya, shi da liman suka kai su.

Na ce, "Maza ne ko mata?"

Ya ce, "Mata ne. Na sa musu Hassana da Hussaina."

Kafin a sallame ni na tambayi Sista Kaneng abin da yake cin raina. Na ce jinkirin da muka yi a gida ne ya kashe su, ko wahalar da jikina ya sha? Ta zauna a kujera ta ce, "Ba mu sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Cikin 'yan biyu yakan zo da laulayi mai tsanani, kuma yakan fita da kansa ko da uwa lafiyarta ƙalau. Abin da na sani shi ne jinkirin ya kusa kashe ki ke." Da wannan amsar na zauna har yau. Ba ta warkar da ni ba, amma ta hana ni ɗora wa kowa laifi.

Da muka koma gida na tarar an girka babbar tukunya a tsakar gida, Malam ya tara guntayen katako daga rumfa. Matan nan da suka zo dubiya su ne suka dawo jaje. Wasu sun yi mini addu'a mai kyau, Allah ya saka musu. Ɗaya kuwa ta dubi tukunyar ta ce, "Iya, wankan jego za a yi don ɓari? Ai ruwan zafi na 'yan kwanaki ya isa."

Iya tana iza wuta, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ɓari ta yi ba, haihuwa ta yi. Ni na wanke su, yatsunsu duk sun fito, har farce. Ba su zauna ba ne kawai."

Haka ta yi mini wanka safe da yamma har arba'in, babu jariri a ɗaki. Nono ya kawo ruwa, ta ɗaure mini ƙirji da zani har ya ƙafe. Mama Uche ta warware hular da ta fara saƙawa a ɓoye, ta ɗauka ban gani ba.

Bayan shekara biyu na sake samun ciki, ya zo da irin wancan aman. Wannan karon ran da ruwa ya fara ƙin zama, Iya da kanta ta naɗe tabarmarta ta ce wa Malam ya nemo mota. Na sha kwanciya a asibiti, na sha ƙarin ruwa, amma ban kai inda na kai a baya ba. Na haifi Zainabu, ita kaɗai Allah ya bar mini, yau ga ta da jikoki.

Don haka ga abin da nake roƙon duk wanda wannan labari ya isa gare shi, miji ne ko uwa ko uwar miji. Laulayi gaskiya ne, yawancin mata suna yinsa su wuce. Amma idan mai ciki ta wuni ta kwana ruwa bai zauna a cikinta ba, idan fitsarinta ya ƙafe, tana ramewa a idonku, tana jiri idan ta miƙe, wannan ya wuce a ce ta daure. Ku kai ta. Idan an ba ku ƙwaya aka sallame ku kuma ba ta riƙe ƙwayar, ku koma, ku yi magana har a saurare ku. Kada kuma a ce mata raguwa, wallahi kalmar nan ta fi aman ciwo.

Mama Uche ta koma garinsu da tsufa ya kama ta, labarinta ya yanke mini. Sista Kaneng ban sake ganinta ba bayan haihuwar Zainabu. Ba addininmu ɗaya ba da su biyun, amma ban taɓa cire su daga fatan alheri ba. Iya ta rasu a hannuna, na yi jinyarta, ban kuwa biya ko rabin tabarmar nan da ta shimfiɗa a siminti ba. Malam ma ya bi ta. Duk sun ga yaran nan, ni ce kawai ban gan su ba, don lokacin da aka fita da su ina kwance ban san inda kaina yake ba. Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan Malam, ni kuma idan tawa ta zo, ya nuna mini fuskar Hassana da Hussaina.